Lamba Talatin da Takwas a Jan Zare

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 6:10 na safe

Sista mai kula da sababbin shiga ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da Allah yake faɗa mini a kwanakin da suka rage. Na saya. Sai dai Allah bai ce komai ba tukuna, don haka zan fara da abin da na sani.

Ran Asabar 28 ga wata zan shiga gidan Sistoci, matan cocinmu na Katolika da ke ba Allah rayuwarsu ba aure. Shekara uku ina zarya kafin su ce in zo. Shekarata ashirin da tara da wata takwas, su kuma ba sa ɗaukar wadda ta cika talatin, kuma sau ɗaya ake shiga a shekara. Ke nan bana ce kawai, babu baɗi.

Sun ba ni jerin kayan da zan kawo: fararen riguna shida, siket masu ruwan toka huɗu, zanen gado, tawul, safa da sauran tarkace, guda talatin da ɗaya. Kowanne sai an ɗinka masa lambata daga ciki da jan zare. Lambata 38. Sannan akwai takardar amincewar iyaye, wadda Mama za ta sa wa hannu tunda Baba ya rasu.

Takardar tana kan keken ɗinkin Mama, ƙarƙashin babban almakashi, yau kwana goma sha ɗaya. "Ajiye nan, zan karanta," ta ce. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Na zura zare a allura huɗu kafin ta tashi, biyu fari biyu baƙi, na soke su a matashin allura inda hannunta ya saba zuwa. Na zura ta keke ma.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na gwada ɗinka lambar da kaina a jikin tawul. 'Yar tela guda, wadda aka raina a ƙarƙashin keke tana wasa da ƙyallaye, amma ukun da na yi ya fito kamar an take kyankyaso. Maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, ta leƙo daga bakin ƙofa ta gani, ta yi dariya har ta dafa bango.

"Amaryar Yesu, da wannan ɗinkin za ki tare? Ai ranar za su maido ki."

"Ba ɗinki za ni yi ba, addu'a za ni."

"To ki ba uwarki mana, ga gwana a zaune."

Mama tana kan keke, bayanta gare mu. Ta ƙara taka keken da ƙarfi, kamar ba da ita ake ba. Na farke abin da na ɗinka na mayar da tawul cikin akwati.

Jumma'a, 6 ga wata, ƙarfe 6:05 na safe

Allura huɗu. Takarda tana nan.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Wata mata ta dawo da riga. Shuɗiya ce, an kalmashe bakinta da koren zare, tun daga gaba har baya. Matar ba ta yi faɗa ba, da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mama, shekara goma sha biyar kina mini ɗinki, ban taɓa dawo da kaya ba. Lafiya dai ko?"

Mama ta karɓi rigar ta kai ta bakin taga, ta juya ta, ta shafa kalmasar da babban yatsa. Ta ce, "Ƙwan fitilar shagon nan ne. Auta, ban ce ki canza shi ba?"

Ai na riga na canza shi. Sau uku ke nan a wata biyu. Wanda ke sama yanzu, in ka kalle shi sai idonka ya yi ruwa. Na ce, "Zan canza, Mama." Na hau kujera na kwance shi, na sauko, na zagaya tsakar gida da shi a hannu, na dawo na sake ɗaura shi. Ta ɗaga kai ta ce, "Yauwa, yanzu na ga haske."

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Bayan Mas, sujadar Lahadi, na zauna a coci har kowa ya watse. Ina so in rubuta yadda abin ya fara, ko zan tuna cewa ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Ina da shekara goma sha tara Mama ta aike ni gidan Sistoci da ƙunshin labule da ta ɗinka musu. Na isa ana addu'ar yamma. Ba kowa a bakin ƙofa, sai na tsaya a baranda da kayan a kaina. Suna rera zabura, wannan gefe ya ɗauka, wancan ya amsa. Ba wani daɗin murya gare su ba, akwai ma wata tsohuwa da ke jan baya da rabin layi, sauran kuma suna jiranta ba tare da sun nuna suna jira ba. Na tsaya har wuyana ya ƙage. Ban ji murya daga sama ba, ban ga haske ba. Kawai na ji ba na son komawa gida, ni da ba abin da gida ya yi mini.

Shekara bakwai ina ƙoƙarin mantawa. Na yi karatu, na kama koyarwa, na saurari samari biyu da zuciya ɗaya, ɗaya ma mutumin kirki ne ƙwarai. Abin bai tafi ba. Duk sanda na yi shiru, yana nan zaune yana jirana.

Yanzu da na ce to, ga abin da ya biyo baya.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 6:15 na safe

Allura huɗu. Ɗaya ta jiya ba a taɓa ta ba, amma akwai ɗigon jini a kan allin ɗinkinta.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Akwai wata takarda ta biyu a gidan nan, tana ninke cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Wata uku da suka wuce na kai Mama asibiti, wai ciwon kai. Suka haska mata nan, suka ɗiga mata can, suka sa ta karanta haruffa a bango. Da muka fito likita ya ce in dawo in karɓi kati. Ba kati ba ne, takardar nan ce ya ba ni. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mini abin da ya faɗa, a hankali, yana kallon takalmana. Na tambaye shi ko magani zai dawo da abin da ya tafi. Ya ce maganin ɗigawa zai rage gudun abin ne kawai.

Da na koma, Mama ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce ki riƙa ɗiga maganin safe da yamma." Ta ce, "To." Ba ta sake tambaya ba, ni kuma ban sake ɗagowa ba. Mu biyu a gida ɗaya, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa.

Sai yau a aji, ina rubutu a allo, abu ya faɗo mini. Kwana ashirin ina jin haushin Mama cewa ta ƙi karanta takardata. Rubutun takardar ƙanana ne kamar tururuwa. Na tsaya da alli a hannu har yara suka fara surutu.

In na ce bari in karanta miki, na faɗi abin da ba a faɗa a gidan nan. In ban ce ba, takardar za ta kwana nan har 28.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Na je wurin Fada, limamin cocinmu, bayan an tashi daga makaranta. Na same shi yana cin abinci a tsaye, zai tafi duba mara lafiya. Na ce, "Fada, an ce ka girmama uwarka da ubanka. An kuma ce ka bar kome ka bi ni. Wanne ne babba?"

Ya ajiye cokali. "Wa ya taɓa ki?"

Na gaya masa. Shi ne mutum na farko da na gaya wa, kuma ko a gabansa sai da na kewaya kalmar.

Ya ajiye kwanon ma. Sannan ya ce, "Auta, da ina da amsa a aljihu da na ba ki. Wanda ya ce miki ki tafi bai yi ƙarya ba, wanda ya ce ki zauna ma bai yi ƙarya ba. Kin gaya wa Sista?"

"A'a."

"Kin gaya wa yayanki?"

"A'a."

"To Allah kaɗai kika bari da aikin, kuma kina fushi da shi bai yi sauri ba."

Ya sa mini albarka ya hau babur ɗinsa. Na je neman a sauke mini kaya, na dawo da aike biyu.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 8:00 na dare

Na kira Yaya daga bayan gida. Ya fara da zolaya kamar kullum. "Sista Auta, har yanzu ba a aske miki kai ba?" Da na gaya masa, wasan ya tsaya cak. Na ji ya fita waje daga hayaniyar gareji.

"Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Wata uku kina zaune a kan magana irin wannan?"

Ya yi faɗansa, na bar shi, yana da gaskiya. Da ya huce ya ce Mama ta dawo wurinsu. Ɗaki biyu gare su, shi da matarsa da yara uku, a hawa na biyu, matattakalar ba ta da abin riƙewa. Shi ma ya sani. Ya ce, "Za mu san yadda za a yi." Sai ya ƙara da murya ƙasa ƙasa, "Amma ke ma, Auta, dole ne sai bana?"

Na ce dole ne. Na ji kunyar bakina da ya faɗa da sauri haka.

Da yamma ya kira Mama, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ta zo ta huta a wurinsu. Ina jin ta daga kicin: "In huta? Wa ya ce maka na gaji? A kan keken nan na aurar da kai, a kansa za a zo a ɗauke ni." Ta kashe wayar, ta daɗe tana laluben inda za ta ajiye ta.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na yi addu'a. Bango ma ya fi amsawa.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Sista ta zo gida, kamar yadda suke zuwa gidan duk mai shiga. Ita ce mai kula da sababbi, doguwa, ba ta da yawan magana, takalminta ya sha faci. Mama ta sa rigarta ta zuwa coci ta karɓe ta da fara'a, har na yi mamaki. Ta ce ni in zauna, ita za ta zuba shayi da kanta.

Ta zuba na Sista daidai. Na biyu, bakin butar ya kauce, shayin ya riƙa sauka a faranti, gefen kofi. Na buɗe baki, na rufe. Sista ba ta daina maganar da take yi ba, ta sa yatsa ɗaya ta tura kofin a hankali ya shiga ƙarƙashin ruwan. Mama ta ji ƙarar ta canza. Na ga ta ji.

Mama ta ce, "Wannan lamba da kuke sa wa kaya, ta mece ce? Ba ku san sunayen junanku ba ne?"

Sista ta yi murmushi. "Mu kusan arba'in ne, Mama, kayanmu iri ɗaya, wanki kuma tare ake yi. Ran Jumma'a mai wanki takan raba, kowa da gurbinta. Duk abin da ke ɗauke da lambarki naki ne. Ko ya ɓace wata shida, zai dawo gurbinki."

"Ko mene ne?"

"Ko mene ne."

"Waya fa?"

"Ana ajiyewa a ofis shekarar farko. Amma akwai wasiƙa sau ɗaya a wata."

Mama ta ce, "Wasiƙa." Ta gyara zama. "To, madalla."

Na raka Sista bakin titi. Ta tsaya ta ce, "A fom ɗinki, inda aka tambaya ko akwai wanda ya dogara da ke a gida, kin rubuta babu."

"Lokacin gaskiya ne, Sista."

"Yanzu fa?"

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Ba zan rufe miki ƙofa ba. Ba kuma zan ce ki zo ba. Maganar shekaru na riga na tambaya miki tun bara, ba a hannuna take ba. In kin zo ran 28 da takarda a sa hannu, gadonki yana nan. In ba ki zo ba, ba wanda zai ce kin ci amanar Allah, kuma ni zan fara faɗa wa duk wanda ya ce haka."

Da ta ce kada in zo, da na yi kuka na huta. Kowa yana da kirki, kowa yana miƙo mini wuƙar da ladabi.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Na yi abin kunya yau. Ban zura allurar ba. Da gangan. Na ce bari in ga yadda gidan zai kasance bayan ran 28.

Na ce wa Mama na tafi makaranta, na buɗe ƙofa na rufe, na dawo na tsaya bayan labulen da ya raba shago da ɗaki. Ta zauna, ta kai hannu matashi, ta shafa allurai ɗaya bayan ɗaya. Babu zare. Hannun ya tsaya.

Ta zaro ɗaya. Ta yanke zare, ta lasa bakinsa, ta murza, ta ɗaga allurar wajen taga. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake lasa. Ya wuce. Ta juya allurar, ta yiwu ta zaci ta riƙe ta a kife. Na ƙirga har sau goma sha tara na daina ƙirgawa. Matar da take zura allura tana hira, ba ta ko kallo.

Daga ƙarshe ta soke allurar a gaban rigarta, farar rigar aikinta da ta koɗe, inda take soke su tun ina yarinya. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta fara share shagon da na riga na share.

Na fita ta ƙofar baya. Na makara, shugabar makaranta ta yi magana, ban ji me ta ce ba.

Jumma'a, 20 ga wata, ƙarfe 6:00 na safe

Allura shida. Kamar ƙarin biyu zai goge jiya.

Jumma'a, ƙarfe 3:30 na rana

Ranata ta ƙarshe a makaranta. Malamai sun haɗa mini 'yar liyafa, an ba ni carbi da laima. Kowa yana cewa in riƙa sa shi a addu'a. Na yi ta murmushi har kumatuna suka gaji.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Na rubuta wa Sista wasiƙa cewa ba zan zo ba. Layi huɗu. Na karanta, babu ƙarya a ciki, na sa a ambulan. Ina tsammanin zan ji sanyi a raina, irin wanda ake cewa mutum yana ji in ya yi daidai. Ban ji ba. Na ji kamar na rufe wani a ɗaki na tafi da makulli.

Ubangiji, ni ban roƙe ka ka kira ni ba. Ina zaman zamana da labule a kai. In kana so na, ga uwata, ka san da ita kafin ka san da ni. In ba ka so na, me ya sa ka hana ni sakat shekara goma? Ka faɗi ɗaya. Ko da tsawa ce, zan ɗauka.

Wasiƙar tana cikin jaka.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Muna cin abinci Mama ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wannan matashin allura nawa mai albarka ne. Kullum da safe sai in tarar ya haihu. Sai dai fari da baƙi kawai yake haifa. Ko bai iya ja ba ne?"

Na mayar da lomar cikin kwano. Na ce, "Ban sani ba, Mama."

"To a tambaye shi."

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 6:00 na safe

Allura goma, duka da jan zare. Na fi minti ashirin.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Jiya da yau Mama ta kore ni daga gida da aike marasa kan gado. In je in duba ko mai maɓalli ya kawo sababbi. In je in gaishe da wata da ba ta da lafiya, na je na tarar da ita tana wanki. Da safe ta ce matashi ya ƙara ja. Ya ƙara.

Yau na bi ta gidan Sistoci da wasiƙar. Na tsaya a tsallaken titi har aka buga ƙararrawar addu'a. Na dawo da ita.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Na dawo na tarar da akwatina a buɗe a kan gado, kayan a ninke, ninkin Mama, mai kaifi kamar an yi da guga. Na ɗaga rigar farko na juya wuyanta. 38.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Talatin da ɗaya, ba wanda ta tsallake, har safa. Waɗansu lambobin sun miƙe sarai, hannu ya tuna abin da ya sani. Waɗansu sun karkace. A siket ɗaya takwas ɗin ya hau kan uku. A zanen gado lambar a kife take. A rigar barci ta haɗa gaba da baya ta ɗinke, sai na farke kafin a iya sawa. A fararen riguna biyu akwai ɗigo ɗigo masu launin tsatsa kusa da lambar, inda allura ta sami yatsa.

Ga amincewar da na yi wata guda ina jira. Ga kuma shaidar duk abin da likita ya faɗa, a jan zare, sau talatin da ɗaya. Na zauna a ƙasa da siket a cinya. Na rasa ko godiya zan yi ko ihu.

Daga shago ta ɗaga murya: "Sun yi?"

Na ce, "Sun yi kyau, Mama."

"Ƙarya kike. Amma za a gane na waye."

Jumma'a, 27 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Mama ta rufe shago da kanta, abin da ba ta yi ran aiki. Ta ɗaga almakashi ta zaro takardar ta miƙo mini.

"Karanta mini."

Kalma biyu. Wata uku muna kewaya su. Na karanta, ita kuma tana gyaɗa kai kamar ana karanta mata awon riga. Da na gama ta ce, "Sa yatsana a wurin." Na kama yatsanta na ɗora a kan layin. Duk ya sha huda. Ta sa hannu, rabin sunan ya sauka ƙasan layi.

Na ce, "Mama, na rubuta musu cewa ba zan zo ba. Tana cikin jakata."

"Na sani. Kwana biyar kina yawo da jaka har banɗaki."

"Wa zai ɗiga miki magani? Wa zai zura miki allura?"

"Ke dai ba ki iya ba. Tun ranar farko na gane ke ce, ƙullinki kamar na mai ɗaure akuya." Ta yi 'yar dariya, sannan ta daina. "Auta, saurara. Abin nan zai zo ko kina nan ko ba kya nan. In kin zauna, zan rasa ido, in kuma riƙa jin takunki a gidan nan kullum, na san abin da na ci miki. Ba zan iya ɗaukar biyu ba. Ɗaya ma da ƙyar."

Ita ta fara faɗin kalmar. Ni har yanzu ban rubuta ta ba.

Na ce, "In na tafi kuma ni zan ɗauka."

"E, za ki ɗauka. Ai ba hutu aka kira ki ba."

Na ce bari in yi wa Maman 'Yan Biyu magana ta riƙa leƙowa. Ta ɗaure fuska. "Kada ki kuskura. In lokacin roƙo ya yi, da bakina zan roƙa." Na yi mata maganar duk da haka, a ɓoye. Ta ce za ta leƙa, amma ta san halin Mama, in ba ita ta kira ba, ko allura ba za ta bari a taɓa mata ba.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Jiya na sayo allura fakiti biyu. Na haɗa da na gida, arba'in da huɗu. Na zura su duka, farare a dama, baƙaƙe a hagu, na sa maɓalli a tsakiya don hannu ya gane iyaka. Matashin ya zama kamar bushiya. Huɗu a rana, ban da Lahadi, kwana goma sha ɗaya ke nan in ta fara ran Litinin.

Yaya bai samu zuwa ba, ya ce ƙarshen wata mai zuwa. Mota ta iso. Mama ce ta rufe akwatin, ta ce ni ban iya danna kaya ba.

Ban ji na yi daidai ba. Ina tafiya ne kawai.

Laraba, 1 ga sabon wata, ƙarfe 1:30 na rana

Ana ba mu rabin awa bayan abincin rana. Ranar da muka zo aka karɓi akwatunanmu aka kai ɗakin wanki, daga can ake ba mu kayan mako. Tsohuwar nan mai jan baya a zabura tana nan da ranta, har yanzu ana jiranta. Gefenta aka ba ni.

Saura allura talatin da biyu in Mama ta gama na yau.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Sista ta tambaye ni ko ina samun natsuwa a addu'a. Na ce ina ƙirga. Ba ta tambayi me ba.

Jumma'a, 10 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Ranar raba wanki. Na je gurbi na 38 na ɗauki kayana, sai Sista mai wanki ta kira ni. Ta ce, "Wannan ba ta cikin jeri, na same ta a ƙasan akwatinki. Na so in ajiye ta gefe, amma tana da lambarki, don haka taki ce."

Farar riga ce da ta koɗe. Gabanta, wajen ƙirji na hagu, duk ƙananan huji ne, na shekara da shekaru ana soke allura. Sun wanke ta sun goge, ƙamshin man keke ya fita. Na juya wuyan. 38, a miƙe, ya fi duk sauran kyau.

Ban sani ba ko a kan kujera ta same ta tare da fararen rigunana, ta ɗauka tawa ce. Ban sani ba ko ta san abin da take ɗinkawa, tunda ta tambayi Sista har sau biyu. Ba ni da waya. In na tambaya a wasiƙa, sai wani ya karanta mata.

Sista mai wanki ta ce, "Ta wace ce?"

Na ce, "Tawa ce."

Yau allura huɗun ƙarshe. Gobe da safe Mama za ta kai hannu matashi. An buga ƙararrawa, zan tafi addu'a.